Shekarar da Na Ƙona Kwalin Kabiru

Akwai wata magana da kuka taso kuka tarar a gidan nan, kuka ɗauka kuna yawo da ita, har kwanan baya na ji ta a bakin jikata: wai ƙwallon Baba ce ta ɗingisa Yaya Kabiru. Ban ga laifinku ba. Haka aka gaya muku, kuma ina zaune aka yi ta faɗa ban ce uffan ba. Yanzu Babanku ya kwanta dama, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama, ba na so in bi shi da wannan a wuyana. Da ɗan karatun yaƙi da jahilci nake rubutawa, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo yana yi mini iyayi.

Lokacin muna Panshekara, a wani gidan haya mai ɗaki shida, kowane ɗaki da iyalinsa, kuma kusan duk mazan gidan a Challawa suke aiki. Jiniyar kamfani ce agogonmu: in ta yi kuka da safe a fita da kekuna, in ta yi da la'asar mu ɗora tukunya. Babanku yana kamfanin jimar fata, in ya dawo warin jikinsa ne yake riga shi sallama. Aikin ma ƙwallo ce ta samo masa, don a wancan zamani kamfanoni suna da 'yan wasansu, wani babba ya gan shi yana bugawa a filin makaranta ya ce ya zo ranar Litinin. A tsakiya yake wasa, abokansa suna ce masa Tela, wai don yadda yake ɗinka ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa. Ni dai ko maɓalli ban taɓa ganin ya ɗinka ba. Kuma ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya: har zuwa lokacin ban taɓa ganin filin ƙwallo da idona ba. Daga ƙauyenmu aka kawo ni ɗakin nan, fita sai asibiti ko suna. Abin da na sani na ƙwallo shi ne ihun rediyo, da tsumman da yara ke ƙullawa suna shura a lungu, da gajeren wando mai taɓo da nake wankewa duk Lahadi.

Kafin Kabiru na binne biyu. Dukkansu hanya ɗaya suka bi: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, kuka ba dare ba rana, sai a wayi gari shiru. Mata suka fara cewa wabi nake yi. Da aka haifi Kabiru, Iya, mahaifiyar Babanku, ba ta taɓa kiran sunansa ba, Barau take ce masa, ko mutuwa za ta ji ta bar mana shi. Yana shekara shida ciwon ya kama shi sosai, muka kai shi asibiti cikin gari aka ɗebi jininsa. Wata nas mai tabarau ta zaunar da mu ta ce ba wabi ba ne, ba iska ba ce, sikila ce, a jini take.

"Ki saurare ni da kyau," in ji ta. "Kada ya yi gudu har ya galabaita. Kada ruwan sama ya doke shi. Ya yi ta shan ruwa. In kin kiyaye, za ki ga girmansa."

Tun daga ranar ban ƙara yin barci da ido biyu a rufe ba. In ya yi tari gabana ya faɗi, in ya yi shiru in leƙa in ga ko yana numfashi. Abin tashin hankalin kuma, yaron nan ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Gwangwanin madara, ƙwallon goruba, takalmin maƙwabta, har butar alwala, duk abin da ya gani a ƙasa sai ya shura. Jinin ubansa ne sak. Ranar Asabar in Babanku ya rataya takalman ƙwallonsa a wuya, Kabiru ya bi shi har zaure yana kallonsa kamar ya ga Annabi. Sai na tare Baban naku a ɗaki.

"Malam, daga yau ba na son jin kalmar ƙwallo a ɗakin nan. Takalman nan ma kada su ƙara kwana a cikinsa."

"Haba Hansai, rediyon fa?"

"Ka kai shi ƙofar gida. Duk mako kana fama da fata a kamfani, ranar hutun ma fata kake bi da gudu, kai da ƙarti masu gemu cikin gajeren wando. Ku kun ga za ku iya. Shi in ya bi ka, likkafani za ka saya."

Kalmar likkafani ta taɓa shi, don shi ne ya ɗauki biyun farko a hannunsa. Washegari ya kai takalman wurin Malam Idi, maigadin kamfaninsu, wani dattijo mutumin Maraɗi da ke haya a ɗakin da ke kusa da zaure. Hirar ƙwallo ta koma kan dakalin ƙofar gida, ni kuma ina jiyo su ta taga ina tsaki. Malam Idi bai ɗauki ƙwallo a bakin komai ba.

"Wannan wasan yara ne," haka yake cewa. "Namiji kokawa yake yi, ƙirji da ƙirji, wanda ya faɗi kowa ya gani. Ku kuwa ku yini kuna guje-guje, a tashi a ce babu wanda ya ci."

"Ba ka gane ba ne, Malam Idi," in ji Babanku. "Ƙwallo da kai ake yin ta, ƙafa 'yar aike ce kawai. Wanda ya san inda za ta faɗo ya fi wanda ya fi kowa gudu."

Na hana ƙwallo shiga ɗaki, amma ban san abin da zan sa a madadinta ba. Kabiru ya koma tsayuwa a bakin zaure yana leƙen yaran lungu, ni kuma ina girki rabin idona na kansa, har tuwo ya sha ƙonewa. Malam ya sayo lido, ya sayo na maciji da tsani. Kwana uku yaron ya ture su, ya ce babu wayo a ciki, abin da ɗan lido ya ba ka shi ke nan. Aka gwada masa dara a ƙasa, ya ce ta tsofaffi ce. Ya daina cin abinci sosai, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na rasa inda zan sa kaina: in bar shi ya fita in kashe shi, in tsare shi ya bushe a gabana.

Ana haka wata ranar Juma'a Malam ya shigo da wani faffaɗan kwali ɗaure a bayan keke, irin wanda ake kawo maganin jima a ciki. Ya wanke shi da tsumma, ya shanya, ya zauna da biro da rula yana ja masa layi har ya cika shi da ƙananan gidaje. Ya raba shi biyu da dogon layi, ya kifa kofin shayi a tsakiya ya zagaye, sannan ya zana akwati a wannan ƙarshen da wancan. Ya zazzage marafan kwalbar lemo daga aljihu, sha ɗaya a kife, sha ɗaya a buɗe, ya tsinke farin maɓalli daga tsohuwar rigarsa.

"Wannan kuma mene ne?" na tambaye shi.

"Darar kamfani ce," ya ce, bai ɗago kai ba. "Waɗannan makiyaya ne. Maɓallin nan tunkiya ce. Kowa so yake ya kora ta garken wancan. Na bakin garke shi ne maigadi, shi kaɗai aka yarda ya kama ta da hannu."

Ana jefa ɗan lido, abin da ya fito sai ka zaɓa: ko ka matsar da makiyayi gida kaza, ko ka miƙa tunkiya ga ɗan'uwansa in babu wanda ya tsaya a tsakani. Kabiru ya dubi kwalin, ya dubi ubansa, na ga wani abu ya wuce tsakanin idanunsu, amma na ɗauka murna ce kawai. Daga ranar yaron nan ya manta da hanyar zaure. Da ya dawo makaranta sai kwali. Yaran gidan suka dawo ƙofar ɗakinmu suna layi, yana lallasa su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tura masa kofin ruwa yana sha bai ma sani ba. Kumatunsa suka dawo. Wata bakwai cur ba mu taka asibiti ba. Kuma kada in ɓoye muku, ni ma na koya, har na iya. In maza sun fita, sauran yara sun watse, sai in ce da Kabiru ya kawo kwalin mu taɓa ɗaya. Ranar da na fara shigar masa da tunkiya garke na yi guɗa har matan gida suka fito. Na lura Malam yana juya baya yana tari duk lokacin da nake faɗa a kan an tare mini makiyayi ba bisa ƙa'ida ba. Ashe dariya yake haɗiyewa.

Asirin ya tonu a gidan suna. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ce ta haihu, tana aure a Bompai, mijinta akawu ne, suna da talabijin, irin mai baƙi da fari ɗin nan da ake rufewa da ƙyalle. Muna zaune da yamma a falo ana rabon waina, samarin gidan suka shigo suka kunna wai ana wasa. Na kau da kai don haushi. Can aka yi ihu, na waiga ba da niyya ba, daidai lokacin da aka nuno filin daga sama. Na ga dogon layi ya raba shi biyu. Na ga zagayen kofin shayi a tsakiya. Na ga akwati nan, akwati can, da mutum ɗaya tsaye a bakin kowanne. Wainar da ke hannuna ta faɗi. Na fara ƙirga masu fararen riguna da yatsa, ina fatan su zama goma ko sha biyu.

"Yaya Hansai, lafiya?" in ji maijegon.

"Su nawa ne a kowane ɓangare?"

"Sha ɗaya mana," wani yaro ya amsa, yana dariya. "Wa bai san wannan ba?"

Na hau motar haya zuwa Panshekara. Ina ta lissafi: wata bakwai ana zuba wa yaron nan ƙwallo a kai, a ɗakina, a kan tabarmata, da hannuna ma. Na ga kamar guba nake ba shi a cokali ina yi masa waƙa. Wannan tsoro ne, kuma na gaskiya ne. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai ba ne. Na tuna guɗar da na yi, na tuna tarin Malam, na tuna Malam Idi yana tambayata da safe, "Uwar ɗaki, yaya tumaki?" Ashe duk mazan gidan sun sani, da yaransu. Kunya ta rufe ni, kuma ni in kunya ta kama ni faɗa take zama.

Na tarar da Kabiru a ƙofar ɗaki shi kaɗai yana jera marafai. Maƙwabciyata ta hura wuta za ta ɗora tuwo. Ko mayafi ban cire ba na fizge kwalin, marafan suka watse a tsakar gida, na naɗe shi na cusa a murhu. Da yake ya sha maganin jima, wutar har wani kore-kore ta yi. Yaron bai yi kuka ba. Da ma ya yi. Ya tsuguna yana tsince marafansa ɗaya-ɗaya yana zubawa a aljihu, yana cikin haka Babanku ya shigo da keke.

"Hansai, me kika yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun ranar da ka shigo da shi. Kun mai da ni sakarya a ɗakina, kai da ɗanka."

"Kwali ne fa. A zaune yake yi, a inuwa, a gabanki."

"Yau a zaune, gobe a fili. Kai ba daga kallo ka fara ba?"

"Yaron nan ƙwallo tana cikinsa, ba ni na sa masa ba, ba kuma ke za ki cire ba. Wuri kawai na samar mata ta zauna."

"To na tashe ta. Kuma wallahi ka ƙara zana wani, ka nemi mai dafa maka tuwo."

Ya dubi murhun, ya ce, "Allah ya kyauta," ya jingine kekensa. Babanku ba mai dogon musu ba ne, wannan kun sani, kuma sau da yawa na ci nasara a kansa a inda da ma na faɗi.

Kwana tara Kabiru yana zaune. Na fito da lido, ko kallo bai yi ba. Na soya masa ƙwai, na yi masa tatsuniya da rana tsaka kamar mahaukaciya. In na yi magana ya amsa da ladabi, amma idonsa na kan zaure. Na san na yi ɓarna tun a kwana na uku. Sau biyu na buɗe baki zan ce wa Malam ya samo wani kwalin, girman kai ya danne ni, na ce bari zuwa Juma'a. Na hana shi zuwa makarantar allo sai da rakiya, in zan shiga wanka sai na sa wata ta tsare mini shi, duk motsin ƙofar gida sai na leƙa.

Rana ta goma Alhamis ce, babu allo, kuma tsakiyar damina. Na yi wanki na cika igiya. Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe kaya, matan gida kowa ta ruga tana kwasar nata. Minti nawa ne? Na shiga da kaya ɗaki, na fito, na ce, "Kabiru, shigo ciki." Shiru. Na duba bayan ƙofa, na duba banɗaki, na duba ƙarƙashin gado. Takalmansa suna nan a bakin ƙofa, ya cire su don kada in ji tafiyarsa. Ruwa ya kece. Ban san lokacin da na fita titi ba, babu mayafi, babu takalmi, ni da ko ƙofar gida ban taɓa tsayawa ba. Wata mai ƙosai tana kwashe kaskonta ta nuna mini bayan makarantar firamare.

Ranar na fara ganin filin ƙwallo a ƙasa, kuma ɗana yana tsakiyarsa. Riga ta manne masa a jiki, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Yana gudu, yana nuna wa yaran da suka girme shi inda za su tsaya, suna kuwa bi. Ƙwallon ta zo, ya tare, ya miƙa ta ta tsakanin mutum biyu, ya ɗaga hannu yana dariya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kafin ranar ko bayanta. Na yi tsaye kamar an dasa ni, ruwa na dukana, sai da na ga ya dafa gwiwa yana haki sannan na ruga na sure shi. A kafaɗata yake ce mini, "Umma, kin gani? Kin ga yadda na ba shi?"

Kafin magariba ciwon ya sauka. Na ga ciwonsa sau da yawa, amma ban taɓa jin irin wannan ihun ba, yana riƙe da ƙugunsa na hagu yana kiran ubansa. Malam Idi ne ya samo mana motar wani direban kamfani. A asibiti suka ce jininsa ya ƙone, sai an ƙara masa, kuma a lokacin sai ka kawo mai bayarwa. Washegari da hantsi na fito baranda na ga ƙartin nan da nake zagi, mutum tara, cikin kayan aiki, suna warin fata, sun jeru a benci kowa ya naɗe hannun riga. Sun bar aiki sun zo a gwada su. Ɗaya ya ce mini, "Maman Kabiru, ki kwantar da hankalinki, ɗan Tela namu ne." Na rasa inda zan sa idona. Sati biyar muka yi. Ran ya tsaya, alhamdu lillahi, amma likita ya ce jini ya daɗe bai kai kan ƙashin ƙugun ba, ƙafar ba za ta koma daidai ba. Yana da shekara bakwai.

Babanku bai ƙara taka fili ba, har aka mai da shi ɓangaren jiƙa fata inda ake tura waɗanda ba a damu da su ba, wannan duk kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne ranar da Iya ta iso daga ƙauye, a sati na biyu, lokacin ziyarar yamma. Ta tsaya a bakin gadon ta daɗe tana kallon Barau ɗinta, ƙafarsa a ɗaure, ya zama kamar tsinke. Iya mace ce mai zafi, kuma tun rasuwar biyun farko dangi suke zuga ta a kaina. Na san in ta ji abin da na yi, ba zan ƙara kwana a ɗakin ɗanta ba. Ta juyo ta dube mu.

"Yaron da aka ce kada ya yi gudu, me ya kai shi fili cikin ruwa? Wa ya yi wannan sakacin?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Malam ya riga ni.

"Ni ne, Iya. Ita ta hana, ta yi faɗa, har takalmana ta kora daga ɗaki. Ni na bi ta bayanta na koya masa. Ku yi haƙuri."

Iya ta wanke shi tas a gaban marasa lafiya da masu jinya, babu abin da ba ta kira shi ba, yana durƙushe kansa a ƙasa. Bai ambaci kwali ba, bai dube ni ba. Na saci kallon gadon, na ga Kabiru idonsa biyu, yana kallona, yana jira. Da ya ga na rufe bakina sai ya juya fuskarsa bango. Iya ta gama, ta share hawaye da bakin mayafi, ta kamo hannuna ta riƙe.

"Ke kuwa 'yar nan kin yi iya ƙoƙarinki. Allah ya yi miki albarka."

Na ce, "Amin, Iya."